Mura mai hawa kai: me jinin yaro ke iya faɗa wa likita?

Da zarar hunturu ya sauka a Damagaram, da wuya ka shiga gida a Birni ko Zango ko Garin Malam ba ka tarar da yaro yana jan majina ba. Ba mai tada hankalinsa. A shafa masa man zafi, a sa masa hula da rigar sanyi, kwana uku ya tashi ya koma wasa. Haka kuwa abin yake ƙarewa ga kusan dukansu.

Sai dai cikin abin da muke haɗawa mu kira mura akwai wadda ta fita daban, wadda likitocinmu ke ce wa girip, wasu kuma su ce infuluwenza. Ita ba ta sallama. Yaro yana wasa da hantsi, kafin la'asar jikinsa ya yi zafi rau, kai na sara, gaɓoɓi na ciwo, ga busasshen tari. Cibiyar CERMES da ke Yamai tana bibiyar birus ɗin da ke kawo ta tun 2009, kuma lokacin sanyi ne aka fi ganin sa a ƙasar nan. Ko ita girip ɗin, yawancin yara suna warkewa. Wasu ta sauka musu a ƙirji ta zama ciwon huhu. Ƴan ƙalilan ne, ƙalilan ƙwarai, take hawa musu kai.

A nan sai an bambanta abu biyu da iyaye ke yawan haɗawa. Yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar yana iya jijjiga saboda masassara kawai: ya sandare, ido ya juye, minti biyu ko uku ta sake shi, ya ɗan yi barci, ya farka ya gane uwarsa, ya nemi nono ko ruwa. Wannan tana firgita gida, amma ba ta cika barin tabo ba. Wadda ake magana a kanta ita ce wadda yaron bai dawo ba. Jijjigar ta wuce minti 15, ko ta saki ta dawo, ko ta tafi amma hankalinsa bai komo ba. Wani ma ba ya jijjiga sam. Sai a ga yana sambatu, yana kallon uwarsa kamar baƙuwa, yana nuna abin da ba wanda ke gani, ko yana wani barci mai nauyi da sai an tsungule shi zai motsa. A wajenmu irin wannan da sauri ake cewa gamo ya yi, a nufi wajen malam. Ba ni da ja da addu'a, amma ana iya yin ta a bayan kabu-kabu a kan hanyar asibiti, domin wannan cuta da awa take lissafi ba da kwana ba.

Tambayar da masu bincike ke fama da ita kusan shekara talatin ita ce: cikin yara ɗari masu girip, waɗanda duk jikinsu ke zafi iri ɗaya, akwai abin da za a auna a jini a ce ga wanda za ta taɓa wa ƙwaƙwalwa? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, in ji Hausawa. Su Larabar suke nema.

A Japan aka fi sanin wannan cuta, a can kuma aka fi yi mata bincike. A 1995 wani likitan yara mai suna Masashi Mizuguchi ya bayyana nau'inta mafi muni, wanda ake taƙaita sunansa da ANE. Alamarsa a hoton ƙwaƙwalwa ba ta ɓuya: wani sashe da ke can tsakiyar kai, talamus, wanda saƙonnin jiki ke yada zango a cikinsa kafin su wuce, yana lalacewa dama da hagu daidai wa daida. Bayan haka, a sanyin 1998 zuwa 1999, aka tattara bayanan marasa lafiya 148 a faɗin ƙasar, mafi yawansu ƴan ƙasa da shekara biyar. Kusan kashi 32 cikin ɗari sun rasu, kusan kashi 28 sun tashi da naƙasa. An daɗe ana ɗaukar abin kamar na ƴan gabashin Asiya ne kawai. Amma a 2025 likitocin Amurka suka fitar da bayanan yara 41 masu ANE daga asibitoci 23. Sha ɗaya sun rasu, kuma kusan kashi uku cikin huɗu lafiyarsu ƙalau kafin girip ta kama su.

Abin da ya ɗaure wa likitocin Japan kai tun farko shi ne, idan aka ɗebi ruwan bayan waɗannan yara, wato ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka, da wuya a sami birus ɗin a ciki. Yana nan a hanci da maƙogwaro inda ya saba zama. To in ɓarawo bai shiga ɗaki ba, wa ya yi ɓarnar?

Amsar da aka fi yarda da ita yau ita ce, garkuwar jikin yaron ce da kanta. Ƙwayoyin da ke tsaron jiki suna magana da juna ta hanyar wasu ƴan ƙananan sinadarai da ake kira sitokin. Aikinsu shela: ga baƙo ya shigo, a tada zafi, a buɗe hanya, a turo mayaƙa. Masassarar da muke ji ma aikinsu ce. A jikin da komai ke tafiya daidai, ana yin shelar, a kama baƙon, a sallami jama'a. A jikin waɗannan yara kuwa kururuwar ce ba ta tsayawa. Kowa ya san yadda ake yi idan aka yi ihun ɓarawo da dare a unguwa: maza su fito da sanduna, kowa na ƙara wa ihun ƙarfi, garin bin ɓarawon a ture darni, a tattake shukar maƙwabci, a fasa randa. Da safe ɓarnar masu bi ta fi ta wanda aka bi.

Darnin da ake turewa a nan shi ne bangon ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa. A jiki mai lafiya wannan bango a matse yake, ba ya barin komai ya tsallaka daga jini sai abin da ƙwaƙwalwa ke buƙata. Idan sitokin suka yi yawa sai ya fara yoyo. Ruwa da furotin su kwarara ciki, ƙwaƙwalwa ta kumbura, ga ta kuma cikin ƙoƙon kai inda babu wurin buɗawa. Ba ita kaɗai abin ke shafa ba: hanta, ƙoda da tsarin daskarewar jini duk suna shan nasu rabon. A riƙe wannan, domin shi ne zai yi mana amfani a gaba.

Cikin sitokin ɗin, uku aka fi ambata. Akwai intalukin-6, wanda ake rubutawa IL-6, akwai TNF, akwai kuma IL-10. Na ukun abin mamaki ne, don shi aikinsa kwantar da tarzoma, amma yana hawa tare da sauran, kamar yadda yawan dogarai a wuri ke nuna girman rigimar. IL-6 ne ya fi ɗaukar hankali. Wani ɗan ƙaramin bincike na Japan da aka buga a 2001 ya nuna tazarar da ke tsakani: yaran da cutar ta taɓa musu gindin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi da bugun zuciya, IL-6 ɗinsu ya haura pikogiram 6,000 a mililita ɗaya na jini. Waɗanda ba ta kai musu can ba, nasu bai wuce wajen 150 ba. Tazara ce ta kusan ninki arba'in. Akwai kuma waɗansu alamomin da ba sitokin ba amma sawunsu ne: feritin, wanda ke hawa idan ƙwayoyin tsaro suka harzuƙa, da sitokurom c, wanda wurinsa cikin ƙwayar halitta ne, ganin sa a jini kuwa na nufin ƙwayoyin suna mutuwa.

Duk wannan gaskiya ne, kuma yana da kyau a takarda. Amma in aka dubi yadda aka samo shi sai murna ta ragu. Yawancin binciken an yi su ne kan yara ƙalilan, saboda cutar ba ta da yawa. Sannan jinin da aka auna an ɗebe shi ne bayan yaron ya riga ya suma an kawo shi asibiti. Ke nan abin da awon ya fi iya faɗa shi ne, cikin waɗanda suka riga suka faɗi wane ne ya fi shiga haɗari. Bai kai ga nuna wanda zai faɗi gobe ba alhali yau yana zaune yana shan koko. Larabar da ake nema, har yanzu Alhamis da dare ake gani. Ga kuma halin IL-6 na hawa da sauka cikin awoyi: wanda aka auna da asuba ba lallai ya yi daidai da na azahar ba. Shi ya sa har yau babu wani adadi guda da likitocin duniya suka tsaya a kai suka ce daga nan haɗari ya fara.

Cutar ma ba fuska ɗaya gare ta ba. Ban da ANE akwai wani nau'i da ake kira AESD, mai yaudara: yaro ya yi doguwar jijjiga ranar farko, ya farfaɗo har a fara hamdala, sai wajen kwana na huɗu zuwa na shida jijjigar ta dawo a jere. Shi wannan ba guguwar sitokin ce kan gaba a cikinsa ba, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ne suka gaji da tsananin aiki, don haka jini na iya fitowa ba wani abin tsoro. Akwai na uku mai sauƙi, MERS, wanda yawanci ke warkewa sarai. Awo ɗaya ba zai kama su duka ba.

Yanzu mu dawo gida, inda maganar ta fi nauyi.

A Tokiyo, idan yaro mai masassara ya suma a watan Janairu, girip na cikin abin da likita zai fara kawowa a ransa. A Damagaram kuwa yaron da ya suma da zafin jiki yana da masu neman sa da yawa. Na farko palu mai hawa kai, wanda ko bayan damina ta ɗauke ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Na biyu sanƙarau, wanda lokacinsa ke farawa daidai da na girip. Ba mu manta ba, daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar nan, 18 suka rasu, Dungas ce kuma ta fi jin jiki. Sai na uku, wanda ba a cika neman sa ba, girip.

Matsalar ita ce dukansu ukun suna tada sitokin iri ɗaya. Tun 1990 aka nuna a Gambiya cewa yaran da palu mai hawa kai ya kashe, TNF ɗinsu ya ninka na masu palu mai sauƙi kusan sau goma. IL-6 ma yana hawa a palu, yana hawa a sanƙarau, yana hawa a duk wata cuta da ta shiga jini. Ko da yau aka kawo na'urar auna shi aka ajiye a kowane labo na garin nan, abin da za ta faɗa shi ne girman gobarar. Ba za ta faɗi wanda ya kunna ta ba.

Wani zai ce ai muna da gwajin palu na gaggawa, TDR, wanda ko a asibitin unguwa ana yi. Haka ne, kuma ya ceci rayuka ba adadi. Amma layi biyu a kan TDR na nufin yaron ya haɗu da ƙwayar palu kwanan nan, ba lallai ita ce ta sumar da shi ba. Gwajin yana iya ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an sha magani an warke, kuma a ƙasa irin tamu yara da yawa suna yawo da ƙwayar a jini ba tare da ciwo ba. A Balantaya ta ƙasar Malawi an binciki gawar yara 31 da aka ɗauka a asibiti cewa palu mai hawa kai ne ya kashe su. Sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna bakwai daga ciki wani abu daban ne ajalinsu. Kusan ɗaya cikin huɗu ke nan. Kama da wane ba ta wane.

Me ya sa bambancewar ke da muhimmanci, tunda duk yaron a sume yake? Saboda maganin ya saɓa. A ANE, abin da likitocin Japan suka gani shi ne, yaran da aka ba kortikoyid mai ƙarfi, wato maganin kwantar da kumburi, ta jijiya cikin awa 24 na farko sun fi samun sauƙi, musamman in cutar ba ta kai gindin ƙwaƙwalwa ba. Ana haɗawa da oseltamibir, maganin birus ɗin kansa. Wasu asibitocin sun fara gwada tosilizumab, wanda ke toshe wa IL-6 hanya kai tsaye, sai dai tsadarsa ba ta talaka ba ce. A palu mai hawa kai kuwa, tun 1982 wani gwaji da aka yi a Tailan kan marasa lafiya 100 ya nuna cewa dekisametazon, ɗan gidan kortikoyid ɗin nan, yana tsawaita suma yana ƙara matsaloli, shi ya sa aka hana ba da shi a wannan cuta. Allura ɗaya, ga wani taimako, ga wani garin gyaran gira a rasa ido. Wannan ita ce tsaka mai wuyar da likitan yara ke ciki a nan, kuma ba na ganin wani adadin IL-6 da zai fitar da shi daga cikinta.

A ganina abin da ya fi mana amfani a cikin duk wannan bincike ba sitokin ɗin ba ne, sawun da suke bari ne. Tunda guguwar tana taɓa hanta da ƙoda da jini, ana iya ganin ɓarnarta da awon da labo na babban asibiti ya saba yi kullum. Likitocin Japan sun lura cewa cikin yaran da girip ta hau wa kai, waɗanda suka fi rasuwa su ne masu hawan ASAT, wato awon hanta, da masu hawan sukari, da waɗanda aka ga jini ko furotin a fitsarinsu. A 2015 kuma aka tsara wani ɗan lissafi na maki tara don ANE. Faɗuwar bugun jini har gaɓoɓi su yi sanyi, maki uku. Taɓuwar gindin ƙwaƙwalwa a hoto, biyu. Shekaru sama da huɗu, biyu, abin da mutum ba zai zata ba, don an saba ganin ƙarami ne ya fi rauni. Falaket, ƙwayoyin da ke daskarar da jini, in suka sauka ƙasa da 100,000, ɗaya. Furotin a ruwan baya sama da miligiram 60 a desilita, ɗaya. Wanda ya tara biyar zuwa sama yana cikin babban haɗari. Cikin abubuwa biyar ɗin nan, ɗaya ne kawai ke buƙatar na'urar hoton ƙwaƙwalwa.

Ko su ma sai an karanta su da idon ɗan ƙasa. Falaket suna sauka a palu, don haka saukarsu kaɗai ba hujja ba ce. Sukari a palu mai tsanani ya fi yawan faɗuwa, shi ya sa shi ake fara aunawa ga duk yaron da ya suma. Awon CRP, wanda hanta ke fitarwa bisa umarnin IL-6, yana makara da awoyi, yaro na iya yin nisa kafin ya hau. Wanda ya fi raba gardama shi ne ruwan baya. A sanƙarau yana fitowa gurɓatacce, cike da fararen ƙwayoyin jini. A ANE yana fitowa garau, ba ƙwayoyi, sai furotin da ya yi yawa. Na san yadda iyaye ke ƙin wannan awo, ana cewa yana gurgunta yaro. Ba shi ke gurguntawa ba, cutar da ta sa aka yi shi ce. Likita kuma yana da alamomin da yake dubawa kafin ya yi, in ya ga kumburin kai ya yi yawa shi da kansa zai jinkirta.

Akwai alama ɗaya da take riga cutar zuwa da gaske, ita ce ta gado. A 2009 aka gano a Amurka cewa canji a wata ƙwayar gado mai suna RANBP2 yana sa ANE ta riƙa maimaituwa a zuriya ɗaya, ko ta dawo wa yaro ɗaya sau biyu. Ba sai da auren zumunci ba, daga uwa kaɗai ko uba kaɗai ana iya ɗauka, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari na masu ɗauke da ita ne ke kamuwa. Awonta ba na nan kusa ba ne. Amma tambaya ɗaya tana yin rabin aikinsa, kuma kyauta ce: a gidan nan an taɓa yin yaron da mura ta sumar?

Sai maganar abin da aka ba yaron kafin a kawo shi, wadda ta fi kowace kusa da hannunmu. Tun 1963 aka bayyana cutar Reye a Ostireliya, inda hanta da ƙwaƙwalwar yaro ke lalacewa bayan girip ko ƙaranbau, daga baya aka gano alaƙarta da asfirin. Da aka daina ba yara asfirin a shekarun 1980, cutar ta kusa ɓacewa a ƙasashen da suka bi gargaɗin. A Japan kuma an ga mace-mace sun fi yawa cikin yaran da aka ba dikulofenak don sauke zafi, hukumomin ƙasar suka hana ba da shi ga yara masu girip tun farkon shekarun 2000. Dikulofenak ɗin nan shi ne wanda ake saye ƙwaya-ƙwaya a faranti a bakin kasuwa don ciwon baya, a ɓallo rabi a ba yaro in jikinsa ya yi zafi. Farasitamol, gwargwadon nauyin yaron, shi ne na sauke masassara. Allurar rigakafin girip kuma ana iya yin ta daga wata shida. Cikin yaran Amurka da aka ambata ɗazu, kashi 16 cikin ɗari ne kawai aka yi wa ita.

Idan aka isa asibiti, abin da majo zai fara nema ba a jini yake ba, a bakin uwa yake.

"Hajiya, yaushe zafin ya fara?"

"Jiya bayan azahar, likita."

"Jijjigar fa, ta kai minti nawa? Da ta sake shi ya gane ki?"

Uwar da ta iya cewa ta fara ana kiran sallar isha'i, ba ta saki ba har aka idar, kuma tun lokacin bai kira sunan kowa ba, ta ba likita abin da zai tsara awo da magani a kai. Ta faɗi ko akwai masu mura a gidan, ko an yi masa maganin palu cikin makonnin nan, ko wani wansa ya taɓa irin haka. Ta kuma zo da kwalin duk maganin da aka ba shi, har da wanda aka sayo a faranti.